Dashen Bazara a Gidan Kumandan

Tun da na dawo daga Yamai bakina bai huta ba. Duk wanda ya gan ni a majalisarmu ta bakin tashar Jibiya sai ya ja ni gefe: Mamman, yaya Yamai? Da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda? Da gaske ne soja na tsare mutum a titi ba laifin komai? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tsinci wanda ya yi masa daɗi ya tafi yana dariya. To ga shi na rubuta shi gaba ɗaya. Mai neman abin dariya zai samu kaɗan daga farko, sauran kuwa sai dai ya yi haƙuri da ni.

Kun san yadda shekarar ta kasance, ba sai na tuna muku ba. Sau uku ina shuka gero, sau uku yana fitowa ya kai tsawon yatsa ya ƙone ina tsaye ina kallo. Ana cikin haka wani direban Maraɗi ya kawo mini saƙo daga Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara ashirin da biyu yana aikin lambu a wani gidan gwamnati a Yamai. Saƙon gajere ne: gwiwa ta gaza, aiki ya taso, in zo in kama masa na wata biyu, akwai tuwo. Tare da saƙon akwai takarda da Faransanci mai jan hatimi, wai in riƙe ta kamar raina. Ba zan yi muku ƙarya in ce zumunci ne ya ɗaga ni ba, kalmar tuwon nan ce. Inna ta ƙulla daddawa a tsumma ta ce in kai wa ƙanenta.

Iyaka a rufe take, sojanmu sun garƙame ta. Mu da kakanninmu ke kwance a ƙasar Maraɗi muka wayi gari sai mun yi sanɗa kamar ɓarayi kafin mu gai da dangi. Bayan sallar asuba muka bi burtalin shanu mu shida, a ƙafa, muka ɓullo bayan Ɗan Isa rana ta take. Nan muka faɗa hannun wani jandarma, ɗan sandan can. Ya zazzage jakata a ƙasa, ya ɗaga ƙullin daddawa da yatsu biyu yana toshe hanci, sai ka ce ba da ita uwarsa ta yaye shi ba. Ga tsagar Gobirawa ɓaro-ɓaro a kumatunsa, amma Faransanci yake ta zuba mini. Da na ga abin zai yi nisa na zaro takardar Kawu. Yana ganin hatimin ya miƙe tsaye, Hausarsa ta dawo nan take.

"To Malam, a sauka lahiya. A gai da mutanen gidan."

A Maraɗi na kwana a rumfar tasha, na karya da furar da in ka leƙa kana ganin fuskarka a ciki. Motar da na samu babba ce, su kamyo suke ce mata, kuma fatu ta ɗauko. Abin da ya yi yawa ke nan a shekarar, tunda dabbobin sun mutu sun bar rigunansu. A kan fatun muka zauna, warin kuwa har yau bai bar hancina ba. Kusa da ni wani dattijon Bafillace ne mai suna Jaɓɓi, da sandarsa da igiyar ɗaure maruƙa a naɗe a kafaɗa. Na tambaye shi ina shanun. Ya ce saba'in ne, ya nuna fatun da muke zaune a kai, ya ce wataƙila ma wasu suna nan. Ɗansa yake nema, an ce an gan shi a Yamai yana sayar da shayi. Duk tsawon hanyar, in na gutsura masa ƙuli-ƙuli sai ya karɓa da hannu biyu.

Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ko'ina shinge. Na daina ƙirgawa a na tara. A kowanne a sauko, a jeru, a nuna takarda, a koma. A namu shingen kun san yadda ake yi, a yi wasa, a yi dariya, a wuce. Nasu ba dariya, sai an karanta takardar daga sama har ƙasa ko da a kife aka riƙe ta. Na ƙarshe, na bakin Yamai, shi ne mai zafin. Nan ake raba mutane biyu: mai takardar aiki ya wuce, wanda ba shi da ita ya koma gefe ya jira motar da za ta mai da shi ƙauye, don ba a son masu gudun yunwa su cika babban birni. Aka sauke Jaɓɓi. Bai roƙi kowa ba, ya je ya tsuguna cikin sauran, ya ɗora haɓa a kan sandarsa. Ni kuwa jan hatimi ya wuce da ni, ina jin kunya ina kuma jin daɗi.

Ranar da na shiga garin na ci wulaƙancina na farko. Ina tafe da yamma da jaka a ka ina neman unguwar su Kawu, sai na ji an busa ƙaho, na ga kowa ya tsaya cik, mai keke ya dire, mai tallan goro ta sandare da tire a ka. Na ce a raina ko wani babba ne ya rasu, na ci gaba da tafiyata. Ashe tuta ake saukewa a barikin da ke gefe. Wani soja da bai kai ƙanena ba ya sa ni na tsaya da ƙafa ɗaya, jakar a kaina, har aka naɗe tutar aka shiga da ita, sannan ya ƙara mini ɗan lokaci don in riƙe darasin. Na riƙe kuwa. Har na bar garin, ko mai gyaran rediyo ya busa wani abu sai na ƙame.

Burodin da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne, kuma in ya kwana za ka iya korar kare da shi. Abincin da ya kama ni shi ne dambu da zogale, wanda Zabarmawa ke kira kopto. Gaisuwarsu fofo, na iya ta rana ɗaya, daga nan ban ƙara ko kalma ba, don a kasuwa kowa na jin Hausa, sai dai su murɗe ta yadda suka ga dama. Da rana ta take ma'aikata su rufe ofis su tafi barci sai la'asar, abin da in ka yi a nan za a ce ba ka da lafiya. Babbar Kasuwar da ake ba mu labari na tarar gobara ta cinye ta, 'yan kasuwar sun watsu wasu wurare. Kogin kuma ya janye har yara na buga ƙwallo a inda aka ce da jirgin ruwa ke bi.

Kawu na same shi ya tsufa fiye da yadda nake zato, yana jan ƙafar hagu. Ɗakinsa ɗaya ne a bayan gidan, jikin katanga, da 'yar rumfar zana. Gidan na gwamnati ne, masu shigarsa ke canzawa, mai lambu yana nan kamar rijiya. Turawa uku sun zauna sun tafi, farar hula biyu, yanzu kuma wani kumandan na soja. Ko ruwa ban gama sha ba Kawu ya ja ni ya nuna mini abin da ya fi ƙauna a duniya. Wani ɗan kurmi ne da bai wuce ƙuguna ba, ganyensa siri-siri kamar allura. Ya murza ya kai mini hanci, ƙamshin tsakanin kanumfari da man zafi.

"Romaran ke nan," in ji shi. "Ni da matar likitan da na fara yi wa aiki muka kafa shi, shekarar da na zo. Su a gasasshen rago suke sa shi. Duk Yamai ban san wani mai shekarunshi ba."

Na ce to mene ne aikin da ya taso. Ya ce Kumandan ya je kwas Maroko ya ga an yi shingen romaran tun daga ƙofar gida har bakin ɗaki, shi ma irinsa yake so, kuma kafin sati shida, don manyansa za su zo cin abinci.

"To ai sai a dasa, Kawu."

"Kai manomin gero ne, Mamman. Wanga ba gero ba ne da za ka bi ruwan fari da shi. Ba ya son zahi yana jariri, damina kuma ruɓar da shi take. Sai ruwa ya ɗauke, an yi girbi, sanyi ya shigo har mutum na neman mayahi da asuba. Sannan ka yanki ɗanyen reshe ka kafa a yashi. Wata huɗu na sanyi yana yin saiwa, in bazara ta zo ta iske shi da ƙafafunshi. Yanzu hwa? Yanzu ko ƙarfe ka kafa sai ya yi laushi."

Muna tsakiyar watan Maris ne, zafin da ke sa ƙadangare ya ɗaga ƙafa.

Washegari na ga Kumandan. Saurayi ne, bai kai arba'in ba, mutumin Damagaram, mai tsabta, ba ya ɗaga murya. Da ma ya yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ya fito da littafi a hannu, na Faransanci, mai hotunan furanni. Kawu ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ni ma na durƙusa a bayansa.

"Baba, ga shi a rubuce. Romaran, daga Maris zuwa Afrilu. Waɗanda suka rubuta wannan karatun itace suka yi, ba gado ba."

"Ranka shi daɗe, gaskiya suka rubuta, amma don garinsu. Can wanga wata ne ƙanƙara ke narkewa, Madam matar likita ta hwaɗa mini da bakinta. Abin da suke samu a Afrilu mu sai Nuwamba muke samun shi. A yi mini haƙuri har sanyi, in ban yi maka shingen da ya hi na Maroko ba ka kore ni."

"Bon, na ji. Afrilu ɗaya ne a duniya, Baba." Ya rufe littafin. "In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini. Akwai mutum ɗari a bakin gari da za su yi shi don kwanon tuwo."

Na san mutum ɗarin da yake nufi, na gan su da idona. Kawu ma ya sani. In aka karɓe takardar aikinsa, ba ɗaki, ba tuwo, kuma duk ranar da ya taka titi ana iya loda shi a mota a kai shi ƙauyen da ya bari tun ina yaro. Ya ce, "An gama, ranka shi daɗe."

Ni na haƙa ramukan, layi biyu daga ƙofa zuwa baranda, ƙasar na ƙona mini tafin ƙafa. Reshe ɗari biyu ake bukata, itacen kuma ɗaya ne. Kawu bai bar ni na taɓa wuƙar ba, shi ya yi yankan da kansa. Ɗanyun rassa suka ƙare tun ba a kai rabi ba, dole ya shiga tsohon itace, yana yanka yana cewa a hankali, tsohon jikinshi ba ya tohowa, ba ya tohowa. Da ya gama, abin da ya rage kututture ne kamar hannun kuturu. Muka kafa rassan a rana tsaka. Safe da yamma motar ruwa ta soja na zuwa ta malale su, a garin da mata ke kwana biyu suna bin layin famfo.

Amma tsoho bai zauna haka ba. Kafin ya fara yankan ya zaɓi kawunan rassa goma sha biyu, mafi laushi, ya ɓoye. Ya samo tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ya cika ta da yashin kogi, ya kafa su, ya ajiye a inuwar rumfarsa inda iska ke bi. Ba ya zuba musu ruwa. Sai bayan kwana uku ya cika baki ya fesa musu, kamar mai guga yana fesa wa riga.

"Waɗanga su ne takardata ta gaske," ya ce mini. "Na waje duk mutuwa za su yi. Ran da suka mutu in ɗauki tukunyar ga in kai mishi, in ce ga irin bai ɓace ba, a ba ni zuwa sanyi. Ko soja ne, in ya ga kore zai saurara."

Sati biyu da dashen, gwiwar ta kumbura har ba ya iya taka ta. Abokinsa Hamani, wani Bazabarme mai gyaran keke a Kirkisoy, can ƙetaren gada, ya zo ya ɗauke shi a bayan keke zuwa wajen mai magani. Kafin su tafi Kawu ya riƙe hannuna.

"Kwana uku-uku. Cikin baki biyu. Kada ka ƙara."

To nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba. Ranar farko na fesa yadda ya ce. Kafin azahar na taɓa yashin na ji shi a bushe ƙamas. Ku da kuka yi noman bara kun san abin da mutum ke ji in ya ga tsiro a busasshiyar ƙasa. Gerona ya dawo mini a ido. Na ce tsoho dai tsufa ya kama shi, ya saba da rowar ruwa. Na ɗauko buta na tuttula. Sai na ga ruwan na bin hudar gindin yana zuba a ƙasa, yana tafiya a banza. Wallahi ban iya kallon wannan ba. Na yago tsumman da Inna ta ƙulla daddawa, na cusa a hudar, na liƙe da laka. Kullum buta guda, wani lokacin biyu in zafi ya yi yawa. Har alfahari nake yi a raina, ina cewa Kawu zai dawo ya ga yadda ɗan Jibiya ke rainon shuka.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Kafin ya dawo na waje sun zama tsinke, ka taɓa su zube. Bai ko kalle su ba, ya wuce rumfa yana dogara sanda. Ganyen tukunyar sun fara baƙi daga ƙasa, ni kuwa ina ce ko alamar kamawa ce. Ya tsoma yatsa a yashin. Ya ja reshe ɗaya, ya fito salalo, gindinsa baƙi yana yauƙi. Ya ja na biyu, ya ja na uku, har goma sha biyun. Sannan ya karkata tukunyar ya laluba gindinta, ya zaro tsumman. Wani baƙin ruwa mai wari ya bulbulo ya bi ta tsakanin ƙafafunsa.

"Wa ya toshe?"

"Ni ne, Kawu. Na ga tana zuba."

"Tana zuba," ya ce. Ya daɗe yana kallon tsumman a hannunsa. "Ai don ta zuba aka huda ta, Mamman."

Bai zage ni ba. Da ya ɗauki sandar nan ya rafka mini da na ji sanyi. Na zauna a bakin rumfar ina jin kamar in tsaga ƙasa in shige, mutum da 'ya'ya huɗu, an ba ni aikin cikin baki biyu na kasa.

Ranar cin abincin, da sassafe, aka turo soja huɗu da adduna suka saro ɗanyun rassan darbejiya, suka datse su daidai wa daida, suka soke a ramukan da na haƙa. Kafin baƙi su iso shinge ya tsaya kore shar daga ƙofa har baranda. Ina leƙe ta bayan katanga na ga wani mai taurari a kafaɗa ya tsaya yana yabawa, Kumandan na murmushi yana nuni da hannu. Babu wanda ya sunkuya ya shinshina.

Kwana biyu bayan nan aka kira Kawu. Na bi shi.

"Ka kashe su da gangan," in ji Kumandan, a hankali kamar kullum. "Don ka nuna mini ka fi littafi sani. Har uwar itacen ka kashe. Akwai abin da ya rage?"

Nan ne wurin da tukunyar za ta yi magana. Na buɗe baki zan ce wani abu, Kawu ya danne mini ƙafa da sandarsa.

"Babu, ranka shi daɗe."

"To ka ba da takardarka wajen mai gadi. Kwana uku ka kwashe kayanka."

Shekara ashirin da biyu, kayan ba su cika buhu biyu ba. Ni na ɗauke su a ka muka ƙetare gada zuwa Kirkisoy, inda Hamani ya share masa gefen zaurensa tsakanin tsofaffin tayoyi. Hamani mutumin kirki ne, amma shi ma bakuna tara yake ciyarwa, na ga yadda matarsa ta kalli buhunan. Na roƙi Kawu ya biyo ni gida. Na ce ɗakina nasa ne, na ce laifina ne, na ce ko me muka samu mu raba.

"In tahi in ci mi? Kai da ka zo nan don tuwo?" Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. "Ka tahi wajen 'ya'yanka. In na kai sanyi, akwai wani ɗan Labanon da na taɓa ba reshe, wataƙila nashi ya rayu. In na kai." Sannan ya kama hannuna. "Abu guda. Kada ka hwaɗa wa Yaya an kore ni. Ka ce ina nan gidan Kumandan, lahiya lau."

Dawowar ba ta da labari. Mai fita daga Yamai ba a tambayarsa takarda, shingayen nan duk ɗaga mana hannu suka yi ta yi. Na sake bin burtalin shanu na shigo Jibiya da jakar da na tafi da ita, sai dai ta fi sauƙi. Ku da kuka karanta wannan, Inna ba ta san boko ba, kuma ina roƙonku don Allah kada wani ya kai mata da baki.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe dusa, don ita muke ci yanzu. Ko zama ban yi ba ta tambaye ni ƙanenta. Na ce yana nan gidan Kumandan, lafiya lau, yana gaishe ta.

Ta ajiye rariyar ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Kwana biyu ina tunani, Mamman. In ruwan bana ma ya ƙi, sai ka kwashi yaran nan biyu ƙanana ka kai wa Idi. Ko ba komai can akwai tuwo."

Na ce, "To, Inna."